Ranar da Na Nuna Musu Allona Gaba Ɗaya

Ƴan uwa, yau kam ku ajiye abin da kuke yi ku saurare ni. Masu cewa na yi shiru kwana biyu, ku yi haƙuri, ba jan aji ba ne, karatu ne ya sha kaina. Waɗanda yau suka fara leƙowa kuma, ga bayani a gurguje. Ni ce autar gidanmu, kowa Auta yake ce min har maƙwabta. Na yi shekaru ina aiki a ɗakin gwaje-gwajen wani asibiti, ina ɗibar jinin mutane ina leƙa na'ura, har ranar da na ji in na ƙara shaƙar warin wurin nan zan iya kurma ihu. Na ajiye aikin, na rungumi laftof, na fara koyon haɗa manhaja, irin waɗannan da kuke dannawa a wayoyinku. Tun daga ranar ban ƙara shan ruwa da daɗi a gidanmu ba.

Abba ba ya faɗa. Kallo yake yi ta saman tabarau, kallon da gara a zage ka da a yi maka shi. Goggo kuwa, ƙanwarsa, ita ta ɗauki nauyin faɗan a madadin kowa. Duk zuwan da za ta yi sai ta leƙo ɗakina ta riƙe haɓa.

"Har yanzu ana nan ana danne-dannen? Yarinya da farar rigarki, ana ce miki ma'aikaciyar lafiya, kin dawo kina zaman ɗaki kamar mai jinya."

Na nemi aiki wurare da yawa, wasu suka ce ba yanzu ba, wasu ko amsa ba su ba ni ba. Sai wani ƙaramin kamfani da ke yi wa motocin haya manhajar sayar da tikiti ya kira ni, na tsallake gwajin farko, na tsallake na biyu, suka ce saura na ƙarshe. Da na gaya wa Abba, sai ya ninke jaridarsa ya ce, "Auta, wannan da kika ce shi ne na ƙarshe a wurinsu, to shi ne na ƙarshe a wurina ma. In ya yiwu, alhamdulillahi. In bai yiwu ba, ki koma aikinki." Na ce to, don Abba ba a yi masa ciniki.

Sai kuma Dakta. Likitan yara ne a asibitin da na baro, kuma shi ne mutumin da ke neman aurena, gida an san da shi, ana kuma son sa. Ni ma ba zan yi muku ƙarya ba, ina son sa. Mutum ne mai sanyin murya, in ya yi dariya idonsa rufewa yake yi. Shi ya sayo min kujerar da nake zama a kai da ya ji ina kukan ciwon baya. Abu ɗaya ne ke ci min rai da shi: bai taɓa cewa aikinki ba, kullum sai dai "wasan kwamfutar nan taki."

Ranar intabiyun, wato gwajin ƙarshen nan, tun da safe na tayar da gidan. Ta kwamfuta za a yi, su suna ofishinsu ni ina ɗakina, don haka na ja tebur zuwa gaban taga saboda haske, na kwashe kayan wankin da ke jibge a bayan kujera na cusa a ƙarƙashin gado, na goge bangon da hannun riga. Na saka rigata ruwan toka mai ƙananan maɓallai, na yafa mayafi baƙi na soka masa fil, na ɗan zizara kwalli. Daga ƙugu zuwa ƙasa kuwa kada ku tambaya, tsohon zanen barcina ne da silifas wari da wari. Ai kamara ba ta ganin ƙasa.

Mama ta shigo da kofin shayi, ta ƙare min kallo daga sama har ƙasa ta tuntsire da dariya.

"Sama ma'aikaciya, ƙasa mai wanke-wanke. In suka ce ki miƙe fa?"

"Mama don Allah kar ki yi min baki. Ke dai ki tsare min ƙofa, kar kowa ya shigo, ko Goggo ce."

"Musamman ma ita," in ji Mama. Ta tofa min addu'a a ka, ta ɗauko kujerar roba ta dasa a bakin ƙofata ta zauna kamar mai gadi.

Mutum biyu ne suka bayyana a allon. Ɗaya shugabar masu haɗa manhajar ce, wata mata siririya mai ƙaton kofi a hannu, fuskarta ba yabo ba fallasa. Ɗayan wani saurayi ne mai gemu, yana ta jujjuya biro. Muka gaisa, muryata tana fita kamar ba tawa ba. Shugabar ta ce ba tambayoyin hadda za su yi min ba. Za su ba ni wani ɓangare na manhajarsu mai matsala, in gyara suna kallo, kuma duk abin da nake tunani in riƙa faɗa da baki, don su ji yadda kaina yake aiki.

"Matsalar ita ce," in ji Mai Gemu, "wani lokaci kujera ɗaya a mota sai a sayar wa mutum biyu. Nuna mana allonki mu gani, ki fara."

To a nan ne fa na tafka ta. Ga waɗanda ba su sani ba, in za ka nuna wa mutane abin da kake yi a kwamfuta, tana ba ka zaɓi biyu: ko ka nuna musu shafin da kake aiki a ciki kaɗai, ko ka nuna musu allon gaba ɗaya da duk abin da zai gifta a kai. Duk wanda ya kwana biyu a wannan sana'a ya san na farkon ake zaɓa. Ni kuwa ido ya rufe, na danna na biyun. Ga shi kuma na haɗa wayata da laftof ɗin, duk saƙon da ya shigo sai ya leƙo a kusurwar allo ya ɗan tsaya kafin ya ɓace.

Na buɗe kod ɗin, wato rubutun umarnin da manhaja ke bi, na zuba masa ido. Wallahi layukan nan sai suka zama min kamar tururuwa. Duk abin da na koya ya tattara ya bar kaina. Ina ta "to... bari mu gani... to..." kamar mai lallashin jariri.

Sai ga saƙo a kusurwa. Goggo ce a guruf ɗin gida: "Jama'a a sa Auta a addu'a, Allah ya dawo mata da hankalinta."

Na yi kamar ban gani ba. A raina na ce Goggo, Allah ya bar mu tare. Na ci gaba da karatu. Ba a jima ba wani ya faɗo, wannan karon Dakta ne: "Gimbiyata, an fara? Kin dai ci abinci ko?" Ban gama haɗiye wannan ba ya ƙaro: "Jiya da kika yi fushin nan kin fi kyau, na manta ban gaya miki ba."

Na ga Mai Gemu ya sa hannu ya rufe bakinsa, kafaɗunsa suna motsi. Na ɗauka shirmen da nake yi a kod ɗin yake wa dariya. Shugabar ta ajiye kofinta ta buɗe baki za ta yi magana, amma saƙo na gaba ya riga ta. Dogo ne wannan, daga Dakta dai, ya cika kusurwar, kuma idona ya karance shi tas kafin in hana shi:

"Kar ki damu ko sun ƙi ki. Jiya na je wurin shugaban asibiti, ya ce ki dawo ranar Litinin, wurinki yana nan. Abba ma ya kira shi ya yi godiya. Ban gaya miki ba ne don kar hankalinki ya tashi."

Ƴan uwa, ban san tsawon lokacin da na yi ina kallon wurin da saƙon ya ɓace ba. Wato tun kafin in zauna a kujerar nan an gama yanke min hukunci. An je, an roƙa, an yi godiya, ni ina nan ina goge mayafi.

"Malama," in ji shugabar a hankali. "Kafin ki ci gaba. Allonki gaba ɗaya muke gani."

"Na'am?"

"Gaba ɗaya. Har da Goggo."

Innalillahi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige har da kujerar. Gimbiyata! Kin fi kyau in kin yi fushi! A gaban mutanen da nake so su ɗauke ni da muhimmanci! Na shiga danne-danne ina neman inda ake rufe saƙonni, na rufe abin da ba shi ba, na buɗe hotunan bikin ƙawata, na sake rufewa. Mai Gemu ya juya kujerarsa ya ba mu baya, ina jin yana tari na ƙarya.

Da ƙyar na gyara, na bar musu shafin aikin kaɗai. Na ce, "Ranki ya daɗe, ku yi haƙuri, kuskurena ne."

Shugabar ta dube ni. "Ba shiga sha'aninki zan yi ba, amma tunda na gani, dole in tambaya. Ba na son in ɗauki mutum in koya masa aiki, bayan wata biyu ya ce ya tafi. Kina da niyyar komawa asibitin?"

"A'a."

"Ko da an ajiye miki wuri?"

"Ranki ya daɗe, ni ban ce a ajiye min ba. Wannan nake so. Ko yau kuka ce ban yi muku ba, gobe wani wurin zan nema."

Ban san daga ina maganar ta fito ba, don na san abin da na yi wa Abba alkawari. Amma ta fito, kuma da ta fito sai na ji tsoron nan da ya danne min ƙirji tun safe ya sauka. Haushi ne ya kore shi. Abin kunyar da nake gudu ya riga ya faru, me kuma ya rage?

"To ga kujerar motarmu tana jiran ki," in ji ta, ta ɗauki kofinta.

Na gyara zama na sake duba kod ɗin, sai na ga ashe ba tururuwa ba ne, magana ce a jere. Na fara bin sa layi-layi ina faɗa da ƙarfi, har da nuni da yatsa kamar suna gabana. Nan manhajar take duba ko kujera babu kowa. Nan kuma, can ƙasa, take rubuta sunan wanda ya saya. Tsakanin dubawar da rubutawar akwai ɗan jinkiri. Na ce, "Ga ta nan! In mutum biyu suka danna kusan lokaci ɗaya, na farko an duba masa an ga babu kowa, kafin a rubuta sunansa an duba wa na biyu, shi ma an ga babu kowa. Kamar mutum biyu su hango kujera a falo, kowa ya tafi ɗauko ruwa ya dawo yana cewa tasa ce."

Mai Gemu ya juyo da kujerarsa. "To ya za ki yi?"

"A kulle kujerar tun lokacin dubawa, kar a sake ta sai an gama rubutawa." Na ɗan tsaya. "Amma gaskiya ban san ainihin umarnin da ake kullewa da shi a irin ma'ajiyar bayananku ba. Ban taɓa amfani da ita ba. In kun yarda in duba littafin bayaninta."

"Duba," in ji shugabar. "Mu ma kullum dubawa muke yi."

Na duba, na rubuta, na gwada, ya watse da jan rubutu. Na ce "af, na sa shi a wurin da bai dace ba," na matsar da shi, na sake gwadawa. Mai Gemu ya turo mutum biyu na gwaji a lokaci ɗaya. Ɗaya ya sami kujera, ɗayan aka ce masa an riga shi. Ban san sanda na ɗaga hannu biyu sama na ce "Allahu akbar!" ba. Saura ƙiris in miƙe tsaye, Allah ya taimake ni na tuna da zanen barci.

Suka ce za su neme ni. Allon ya yi duhu, na kifa kai a tebur ina dariya ina hawaye a haɗe. Mama ta faɗo ɗakin.

"Lafiya? Na ji kabbara. An ci ko an faɗi?"

"Mama ban sani ba. Amma sun san Goggo yanzu."

Na ba ta labari, ta yi dariya har da riƙe ciki, sai da na zo kan zancen Litinin dariyar ta tsaya. Ta kau da kai tana gyara labulen da ba abin da ya same shi. Na gane ita ma ta sani. Wannan ya yi min ciwo, ba zan ɓoye ba, amma na bar shi a cikina.

Ban amsa wa Dakta ko ɗaya ba. Ya kira, na kifa wayar. Na yi wanka, na share ɗakin da na riga na share, na ɗauki wayar na ajiye ya fi a ƙirga. Bayan la'asar ina ninke mayafin nan wayar ta yi ƙara da baƙuwar lamba.

"Malama, ni ce ta ɗazu." Muryar shugabar ce. "Mun tattauna. Ba ke kika fi kowa sauri ba, kar ki ɗauka haka. Amma kin faɗi abin da ba ki sani ba, kuma bayan abin da ya same ki kin iya komawa kan aiki. Muna son ki fara ranar Litinin, in kin amince."

In na amince! Na ce na amince ya fi sau nawa ban sani ba, ina tsalle a kan katifa kamar ƴar firamare. Ta yi dariya, karon farko da na ji dariyarta. "Ki gaishe min da Goggo," in ji ta, ta kashe.

Na fito da gudu ba takalmi ina kiran Mama, na yi karo da ita a tsakar gida, na rungume ta muka kusa faɗuwa. "Sun ɗauke ni! Mama sun ɗauke ni!" Ta riƙe fuskata da hannu biyu tana hamdala, sai kuma ta rage murya ta nuna falo da haɓa.

"Abbanki yana ciki. Da Dakta."

Na koma na sako doguwar riga da mayafi, na yi sallama na shiga. Abba yana kujerarsa. Dakta yana zaune a ƙasa kan kafet, a gefensa wata leda mai kyau. Ya ɗago ya yi min murmushin nan nasa na lallashi, irin wanda yake yi wa yaran da za a yi wa allura. Ya ga idona ya yi ja, ya ɗauka kukan faɗuwa na sha.

"Ba komai, Auta," in ji shi. "Kin yi ƙoƙari. Ga wannan, na ce a ɗinka miki sabuwa." Ya zaro farar rigar aiki daga ledar, a goge, da sunana a ƙirji da shuɗin zare.

Na durƙusa a gaban Abba, ban kalli rigar ba.

"Abba, sun kira ni yanzu. Sun ɗauke ni aiki. Litinin zan fara."

Abba ya cire tabaransa ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Na san abin da ke ransa. Abba mutum ne da in ya ce wa wani na gode a kan abu, to ya ɗaure kansa ke nan, kuma ya riga ya ce wa shugaban asibiti na gode. In ya ce in koma, ban san yadda zan yi ba, don ban taɓa tsallake maganarsa ba.

"Aiki na gaske?" in ji shi. "Da ofis da komai?"

"Da ofis da komai, Abba."

"Me ake ce wa mai yin sa?"

"Mai haɗa manhaja."

Ya maimaita a hankali, kamar yana ɗanɗana kalmar. Sannan ya mayar da tabaransa ya dubi Dakta.

"Ni na yi wa yarinyar nan sharaɗi, ta cika. Mu ne muka yi gaggawa, ni da kai. Ba ni lambar mutumin nan in kira shi da kaina in ba shi haƙuri. Kunyar tawa ce, zan ɗauka." Ya juyo gare ni. "Allah ya sa albarka, Auta. Tashi."

Ban tashi ba, kifa kaina na yi a gwiwarsa na fashe da kuka, shi kuma yana ta "to, to, ya isa," yana bubbuga min kai kamar ina ƙarama. Daga tsakar gida ina jin Mama a waya, muryarta har maƙwabta: "Goggon yara, kina zaune? To ki zauna da kyau in ba ki labari."

Dakta ya ninke rigar a hankali ya mayar cikin leda. Ya ce min barka, muryarsa can ƙasa, ya yi wa Abba sallama. A bakin ƙofa ya ce ko zan taka masa. Na bi shi har gaban motarsa, ƙafata kamar ba ta taɓa ƙasa don murna, amma akwai tambayar da ke cin raina.

"Na yi ne don ke," in ji shi, yana wasa da makulli. "Ban so ki rasa duka biyun ba."

"Na sani. Tambaya ɗaya zan yi maka, Dakta. Tsakaninka da Allah, tun da na fara karatun nan, ka taɓa sa rai ko sau ɗaya cewa zan ci?"

Ya dubi ledar da ke hannunsa, ya dubi ƙasa. Mutumin da ba ya rasa abin faɗa, yau ga shi tsaye makulli ya daina motsi a hannunsa.

Na gyara mayafina. "Ba sai yanzu ba. Ni ina da shirin fara aiki. Kana da daga nan zuwa Litinin ka nemo amsa."

Na juya na shige gida na bar shi a tsaye, kuma har na kai ɗakina ban ji ya tayar da motar ba.